Bayan an naɗe tabarmi, wa ke komawa gidan rasuwa?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, yau na ce bari in amayar da shi a nan.

Kowa ya tuna gobarar tankar mai ta Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoban 2024. Motar ta taso daga Kano ta kife a bakin hanya, mai ya malale, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, sai wuta ta tashi. Tun kwanakin farko adadin ya haura mutum 150, kuma ya ci gaba da hawa saboda waɗanda suka ƙone suna ta cikawa a asibiti. Mijin wata 'yar'uwata ta wajen uwa yana ciki. Na je gaisuwa rana ta biyu, wallahi ko wurin ajiye takalmi babu. Manyan motoci, 'yan siyasa, kwanukan abinci har ana tsallakewa.

Na koma bayan sati biyar. Ƙarfe sha ɗaya na safe na same ta zaune a tsakar gida, ba a ɗora komai ba. Na ce ƙanwata lafiya? Ashe tun ranar ba ta iya ƙyasta ashana. 'Yarta mai shekara tara ce ke hura wuta idan ta dawo daga makaranta. In maƙwabci ya zuba mai a babur warin ya shigo gidan, sai ta hau amai. Takalmin soson mijin yana nan bakin ƙofar ɗaki inda ya cire shi, ta hana a taɓa. Na tambaye ta wa ya zo mata a satin, ta yi shiru tana lissafi, ta ce mai karɓar kuɗin adashe.

Shawarata ke nan. Mu haɗa 'yan sa kai, maza da mata, waɗanda aikinsu zai fara ranar da aka tashi daga zaman makoki. Musamman gidajen da mutuwar ta zo bagatatan: haɗarin mota, gobara, kifewar jirgin ruwa, harin 'yan bindiga. Ba kuɗi nake nema ba, ƙafa nake nema. Me kuka gani?

Abu Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hajiya niyyarki kyakkyawa ce, amma ina jin tsoron mu buɗe wata ƙofa. Shari'a ta ba da kwana uku na makoki, in ban da matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma. Yawan komawa gidan mutuwa tayar da miki ne. Mutum ya fara dangana, sai ga wasu sun yi sallama da fuskar tausayi, a sake sabon kuka. Abin da mai rashi ke buƙata shi ne a tuna masa cewa haƙuri yana wajen bugun farko, kuma abin da ya same shi ba zai taɓa kuskure masa ba.

Maman Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, ban ce a shimfiɗa sabuwar tabarma ba. Na ce a hura mata wuta.

Shamsu Mai Aski:
Ni a yi mini afuwa, zan faɗi abin da wasu ke tsoron faɗa. Wanda mota ta kaɗe ko 'yan bindiga suka harbe, wannan daban. Amma wanda ya ɗauki bokiti ya tafi kwasar fetur, bayan an sha gani a wurare da dama? Wata uku kacal bayan Majiya aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, Janairun 2025, fiye da mutum 80. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Idan ana ta lallaɓawa yaushe mutane za su yi hankali?

Anti Nas:
Shamsu ƙanena, wa za ka hora? Wanda ya ɗauki bokitin yana kabari. Waɗanda suka rage mata ne da yara da tsofaffi, su kuwa ba su kwashi komai ba. Kuma ka sani, ba duk wanda wuta ta ci ne ya je kwasa ba. Akwai wanda ya je kallo, akwai wanda ya je janyo ɗansa ko ƙanensa. Irin maganarka ita ce ke ninka wa masu rashi ciwo. Na ga uwar da ko sunan ɗanta ba ta iya ambata a gidan biki, don ta san ana cewa kwaɗayi ne ya kashe shi. Ga mutuwa ga kunya, ta rasa wanda za ta yi wa kuka.

Shamsu Mai Aski:
Anti ban zagi mamaci ba. Amma gaskiya ɗaya ce.

Mai kula da zaure:
Don Allah a bar batun laifin wa. Wanda ke son muhawarar tsadar mai da kwasar ganima ya buɗe nasa zancen daban. Nan maganar waɗanda aka bari ake yi.

Baba Direba:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Shekara talatin da wani abu na yi ina jan mota, Allah bai nufa na yi haɗari mai kisa ba. Sai ɗana na fari, a kan babur, tsakanin gida da kasuwa. Mun yi sallar asuba tare, kafin hantsi an kawo shi a bayan a-kori-kura an rufa masa buhu.

Malam Abu Hanifa, duk abin da ka faɗa an faɗa mini, kuma gaskiya ne. Mutum ɗari biyar sun ce mini "ya haƙuri", na ce "da godiya". Amma ba na tuna fuskar ko ɗaya, kwana ukun nan kamar a mafarki na yi su. Ciwon bai zo ba sai da gida ya watse. Wanda nake tunawa har gobe wani mai faci ne a tasharmu, ba ma wani shiri muke ba. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna kan dakalin ƙofar gidana da rediyonsa. Ba ya cewa komai. Mu ji labarai, a kira magariba mu tafi masallaci, ya wuce. Ya yi wata biyu yana haka. Ranar da na fara magana a kan yaron, shi na yi wa, ya bar ni na yi kuka irin na mata bai ce mini "haba Alhaji" ba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Ummu Aisha:
Allahu akbar. Baba Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne.

Malam Abu Hanifa, da izininka in ƙara wani abu a kan hujjarka. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, labari ne ya zo kwatsam, ba jinya. Manzon Allah (SAW) ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da zai shagaltar da su ya zo musu. Bayan kwana uku ya koma gidan. E, ya ce kada a ƙara yi wa ɗan'uwansa kuka bayan yau, wannan ɓangaren naka ne. Amma a zaman nan ya ce a kawo masa 'ya'yan, ya sa aka kira wanzami ya yi musu aski. Ka ga ya koma bayan uku, kuma ya lura da kan yara da uwarsu ba ta cikin halin lura da shi. Abin da Maman Sadiq ke nema ke nan. Kuma shi da kansa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Abu Hanifa:
Malama kin kawo magana mai ƙarfi, na karɓa. Hawaye ba laifi ba ne, kururuwa da yage tufafi da jayayya da ƙaddara su ne abin hani. In hidima za a yi, ina ciki. Abin da ba zan shiga ba shi ne a ɗaure abin da ranar uku ko bakwai ko arba'in, a mayar da shi wani sabon taro.

Kuma tunda an zo nan, mu gyara wata al'ada da ta juye. Umarnin shi ne a kai wa masu rashi abinci. Yanzu su ake sa wa ido su ɗora tukunya su ciyar da 'yan gaisuwa. Na san gidan da aka sayar da akuyar marayu don a sayi ruwan leda da shinkafar baƙi.

Hajiya Yaya:
Malam kar ka taɓa mana sadakar uku, mun gaji wannan rigimar tun muna 'yan mata. Kowa ya bi malaminsa. Amma batun akuya gaskiyarka.

Anti Nas:
Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri, domin in za a yi abin nan gara a yi shi da sani. Na yi shekaru a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Mutuwar fuju'a ba ɗaya take da ta bayan jinya ba. Wanda ya yi jinyar tsohonsa wata shida ya riga ya fara bankwana tun kafin rai ya fita, an yafi juna, an ji wasiyya. Wanda aka kira a waya aka ce ya zo asibiti yanzu-yanzu, abu biyu ne suka faɗo masa lokaci guda, rashi da firgici. Shi ya sa za ka ga mutum ya bushe ko hawaye babu, a yi ta yabonsa wai tawakkali, alhali bai ma gama yarda ba ne. Wani kuma hoton abin ne ke dawo masa ido biyu, ƙara kaɗan ta sa ya zabura, barci ya ƙaurace, ya riƙa cewa da ban aike shi ba, da na hana shi fita. Rashin iya ƙyasta ashanar da Maman Sadiq ta gani yana cikin wannan. A makonnin farko duk wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Mafi yawan mutane suna farfaɗowa da kansu idan akwai mutane a kusa da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani jagora a 2011 don mutanen gari irinmu, ba likitoci ba, kan agajin farko ga wanda ya shiga tashin hankali. Ginshiƙinsa uku ne: ka duba, ka saurara, ka haɗa shi da abin da yake buƙata. Dubawa ita ce ka ga ba a ɗora tukunya ba, ka ga yaro ya kwana biyu da riga ɗaya. Saurarawa ita ce abin da mai facin Baba ya yi. Kuma akwai gargaɗi a ciki da nake so kowa ya riƙe: kada ka matsa wa mutum ya ba ka labarin yadda abin ya faru. Mu kuwa nan muka fi ƙwarewa. Kowane ɗan gaisuwa sai ya ce "wai ya abin ya faru ne?", matar da ta ga gawar mijinta a ƙone ta maimaita labarin sau hamsin a yini. In ta ɗauko da kanta, ki saurara. In ba ta ɗauko ba, ki yi mata wanke-wanke.

Kalmomin da zan roƙa a bari a ƙofar gida: "ai gara ke, wance uku ta rasa", "kina da ƙuruciya za ki sake haihuwa", "daina kuka kina ƙona shi". Wanda ya faɗa yana ganin lallashi ya yi. Kuma kada ɗan sa kai ya je kemis ya sayo wa kowa maganin barci. Mun sha karɓar matan da daga takaba suka kamu da ƙwaya.

Ummu Aisha:
Anti to yaushe ne abin ya wuce ƙarfinmu?

Anti Nas:
Idan mutum ya fara cewa gara ya bi mamacin, ko rayuwa ba ta da amfani, kada ki ce masa ya yi istigfari kawai ki tashi. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin illata kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera daga ɗakin, a kai shi asibiti ranar. Haka in ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi, ko mai jego ta daina kula jaririnta. Sannan akwai wanda wata shida sun wuce yana nan kamar ranar farko, ya kasa komawa sana'a ko kula da gida. Wannan yanzu yana da suna a jerin cututtukan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara aiki da shi a 2022, kuma ana magance shi. Akwai asibitocin masu lalurar ƙwaƙwalwa, Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Na san da an ce Dawanau sai dangi su ce an mayar musu da 'ya mahaukaciya. Ni ba na faɗa da masu ruƙiyya, nakan ce a yi addu'a a kuma zo a ga likita.

Ɗan Agaji:
Ni kuma ina da ƙorafi, kuma ba da wasa nake ba. Shekara goma sha ɗaya ina sa kakin agaji. In an yi haɗari mu ake fara kira, mu ke ciro mutane daga cikin ƙarfe, mu ke jera su, mu ke haƙa rami in gawa ta yi yawa. An taɓa yin wata gobarar mota da muka kwashe mutanen da ba a gane namiji ba a gane mace. Wata biyar na yi ban ci tsire ba, in na biyo ta wajen mai nama sai in canza hanya. Matata ta ce ina ihu cikin barci. Ba wanda ya taɓa ce mini "ya haƙuri", ai ba ɗan'uwana ne ya mutu ba. Abokin aikina ɗaya ya ajiye kakin, yanzu sai ya sha abin da ya sha yake barci.

Don haka Hajiya, in kin tara mutanen nan, ki san su ma za su kwaso kaya. Kada a bar mutum ɗaya da gida biyar. Kuma su riƙa haɗuwa su kaɗai suna sauke abin da suka gani.

Maman Sadiq:
Wallahi ban taɓa kawo ku a raina ba, Allah ya yafe mana. Ya haƙuri, Malam.

Ɗan Agaji:
Da godiya Hajiya. Kin ga har na ji wani iri.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma mun ɗanɗana. A watan Nuwamban 2021 wuta ta kama azuzuwan zana na wata lakwal a nan Maraɗi, yara ƙanana fiye da 20 suka rasu, bayan irinta da aka yi a Yamai cikin Afrilun shekarar. Hukuma ta zo, an yi zaman makoki, an yi jawabi. Abin da ba a kula ba shi ne yaran da suka tsira da 'yan'uwan waɗanda suka mutu. Ɗiyar maƙwabcinmu ta koma fitsarin kwance tana shekara bakwai, ana ta bugunta. In ta ga hayaƙin murhu sai ta ruga ta ɓoye. Mu manya muna gaisa da manya, yaro kuwa sai a ce masa tashi ka ba mutane wuri.

Hajiya Yaya:
Ai yaro ba a gaya masa mutuwa. Mu da aka yi mana rasuwa cewa aka yi Baba ya tafi Makka.

Anti Nas:
Yaya, kuma kika yi shekara nawa kina jiran jirgi?

Hajiya Yaya:
Kin kama ni. Har na shiga aji uku in na ji jirgi sai na fita da gudu. Wata yarinya ce a islamiyya ta gaya mini cikin faɗa, ta ce ubanki ai ya mutu.

Anti Nas:
To kin gani. A gaya wa yaro da kalmar da zai gane, Baba ya rasu, ba zai dawo ba, ba laifinka ba ne, ga wanda zai kula da kai. Ba sai an ba shi bayanin yadda gawa ta kasance ba. Zai tambaya sau goma, a amsa sau goma. Ya koma makaranta da wuri, a kuma sanar da malaminsa.

Lauyan Zaure:
Ni ba gwanin lallashi ba ne, amma akwai inda zan yi amfani. Wanda ya mutu bagatatan bai bar wasiyya ba, bai gaya wa kowa lambar sirrin wayarsa ba, ba a san wa yake bi ba, sai dai masu binsa su suke bayyana tun kafin a share makoki. Kuɗin cefanen gidan yana cikin asusun da matar ba ta iya taɓawa. Banki ba zai saki ko kwabo ba sai da takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta masu gado, rajistar mutuwa kuma a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake yinta. Mace tana cikin takaba, wa zai yi mata wannan zirga-zirgar? Sau da yawa wani ƙanen miji ne ke karɓar takardun, daga nan kuma sai labari.

Mafi wuya shi ne inda ba a ga gawa ba. Ku tuna ambaliyar Mokwa a jihar Neja ta 29 ga Mayun 2025, wadda ta share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. An binne fiye da 150, wasu da yawa ruwa ya tafi da su ba a gan su ba. Matar irin wannan ba ta san ko ta fara takaba ko ta jira ba, gado ba ya rabuwa, zuciya kuma ta ƙi yanke ƙauna, duk sallamar da aka yi sai gabanta ya faɗi. Hukuncin wanda ya ɓace alƙali ne ke yanke shi bayan ya duba yadda abin ya faru, ba 'yan zaure ba. Aikin ɗan sa kai ya raka dangi gaban alƙalin da shaidu. Ku sa sunana a wannan, kyauta.

Abu Hanifa:
Madalla da Barista. Sai sharaɗi ɗaya da ba zan sassauta ba: namiji ba ya shiga wajen mai takaba da sunan taimako. Mata wajen mata, maza wajen maza. Alƙur'ani ma ya hana ƙulla maganar aure da mace tana cikin idda. Mun san masu zuwa da ledar Maltina da carbi a hannu, ido kuwa yana wani wuri.

Hajiya Yaya:
Malam ashe kana gani! Akwai wanda tun ranar uku yake tambayar ko gidan na haya ne ko na marigayi.

Ummu Aisha:
Sharaɗi na biyu daga gare ni: babu hoto. Ba na marayu riƙe da buhun shinkafa ba, ba na gawa ba. Wata ƙawata a WhatsApp ta ga ƙanenta kwance a bakin titi, wani ya ɗora yana neman wanda ya san shi, kafin kowa ya kira ta. Har yau in ta rufe ido hoton take gani, ba fuskarsa ta da ba. Kuma abin da aka ji a gidan mutane ya tsaya a can, kada ya zama hirar gidan suna.

Uwar Marayu:
Tun jiya nake karantawa ban yi niyyar magana ba. Shekara biyu ke nan da aka tare motar su maigidana a hanya. Sauran ba sai na faɗa ba.

Maman Sadiq, Allah ya saka. Amma zan gaya muku abin da ba ku ambata ba. Wani lokaci ba na son kowa. Akwai matar da ta ɗauke ni kamar aikin lada, kullum tana gidana, tana gyara mini ɗaki yadda take so, har ta kwashe kayan marigayi ta ba almajirai wai don kada su riƙa tuna mini. Akwai wata rigarsa da ban wanke ba, ita ma ta tafi. Na yi kukan rigar nan kamar ranar da aka kawo labari. Ban iya ce mata komai ba, ai taimako take yi.

Wadda ta fi yi mini amfani wata maƙwabciya ce da takan leƙo ta ce "Yaya, zan shiga kasuwa, me za a sayo?" In na ce babu, ta tafi ba ta ji haushi ba, gobe ta sake leƙowa. Kada ku ce wa mutum "in kina buƙatar wani abu ki kira ni", ba za ta kira ba. Ku ce "zan kai yara makaranta gobe", ko "kawo niƙan". Kuma ku riƙa ambaton sunansa. Kowa ya daina faɗin sunan maigidana a gabana kamar bai taɓa rayuwa ba. Ranar da wani abokinsa ya aiko matarsa ta ba ni labarin wata barkwanci da ya taɓa yi a kasuwa, na yi dariya na yi kuka, na kuma yi barci.

Ranakun da suka fi tsanani ba uku ba ne ba bakwai ba. Daren sallah ne, da azumin farko lokacin shan ruwa, da ranar da na fita takaba kowa ya ɗauka shi ke nan na warke.

Baba Direba:
'Yata kin faɗi gaskiya. Ni ranar kasuwar garinmu ce. Allah ya raya miki su.

Maman Sadiq:
Uwar Marayu na gode da kika buɗe baki, kin gyara mini tsari. Da na yi niyyar a raba ranaku a ce wance Litinin wance Laraba. Yanzu na ga sai an fara tambayar mai gidan ko tana so, da kuma wa take so. In ta ce a'a, a bar mata ƙofa a buɗe kawai. In ba za ki damu ba ina so ki zauna da mu a haɗuwar farko.

Uwar Marayu:
Zan zo, amma ban yi alkawarin shiga gidan kowa ba tukuna.

Shamsu Mai Aski:
Ni har yanzu ina kan bakana game da kwasar mai, kuma zan buɗe zancen kamar yadda aka ce. Amma duk yaron da ubansa ya rasu a unguwarmu, a turo shi shago ranar Alhamis da yamma kafin layi ya yi tsawo. Kada a ba shi kuɗi.

Abu Hanifa:
A rubuta ni a ɓangaren maza, ni da Ɗan Agaji. Amma Hajiya kin ce za a fara "bayan bakwai" a saƙon da kika turo mini, a gyara a ce bayan baƙi sun watse.

Maman Sadiq:
An gyara Malam. Zuwa yanzu mata shida, maza huɗu har da Barista. Asabar bayan la'asar, zan tura wurin ga kowa ta akwatinsa. Anti Nas za ta yi mana bayani na awa ɗaya, a zo da littafi da biro. Saura batun kuɗin mota ga masu zuwa daga nesa, ban san yadda za a yi ba, don na ce ba za mu karɓi kuɗin kowa ba.

Baba Direba:
Motar tana nan ajiye, taya ɗaya ce ta mutu. In an samu mai facin da zai duba ta kafin Asabar, jikana zai ɗauko na wajen tasha.